Ranar Da Sali Ya Kankare Mini Fenti

Ba zan taɓa mantawa ba, muddin Allah Ya bar ni da hankalina, da wata la'asar da na yi a zaurena na unguwar Pumpumre, a nan Garwa. Na daɗe ina juya al'amarin a raina, ko in rubuta shi ko in bar shi ya bi ni kabari. Daga baya na ga cewa abin da mutum uku suka gani da idonsu, ɗayansu kuma ɗan kalando ne da ke yini yana goya fasinja a babur yana ba su labari, ya riga ya fita daga babin sirri. Gara a ji daga bakina.

Sai na fara da bayyana asalin ciwon. Na shafe shekara arba'in da ɗoriya ina karantar da fiƙihu da nahawu, kuma tun ina saurayi na koyi zayyanar allo a hannun mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da zamani ya juya, iyaye suka koma buga wa 'ya'yansu takardar shaidar sauka a inji, sai hannuna ya zauna ba aiki, yana ƙaiƙayi. Wata rana ina ratsa kasuwa na ga an zube kayan gwanjo a ƙasa, a cikinsu akwai 'yan motoci da babura na ƙarfe, kowanne bai kai tafin hannu ba, amma ƙofofin na buɗewa, ƙafafun na juyawa. Fentinsu duk ya ɓare. Na sayi uku, na ce wa mai kayan na jikoki ne. (Jikokin nan har yau ba su san launinsu ba, Allah Ya yafe mini.)

Ban taɓa su ba sai da na binciki hukunci, kamar yadda ya kamaci ɗalibin ilimi. Na samu cewa mota ba ta da rai, saboda haka hanin sura bai hau kanta ba. Sai dai ɗaya daga ciki tana da ɗan direba na roba zaune a kujera, da hularsa da gashin bakinsa. Na kwana biyu ina nazari a kansa, a na uku na sallame shi daga aiki da hantsaki.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Nakan jiƙa mota a ruwan cire fenti har ta koma ƙarfe tsirara, in goge ta da takarda mai kaushi, in shafa farin ƙasa, in jira ya bushe, sannan in bi da launi shafi bayan shafi. Buroshina ni na ɗaure shi da kaina da gashin wutsiyar akuya. Madubin babur da takardar azurfar ƙwayar magani nake yanka shi, sirdinsa kuwa da guntun fatar tsohuwar gafaka. Ba wanda ya sani sai mai ɗakina, Hajiya. In baƙi suka zo ina cikin ɗakin, takan ce musu Malam yana nazari, kuma ban taɓa gyara mata ba, domin a lugga kalmar ta ɗauki abin da nake yi.

Abin alfaharina duka shi ne wata 'yar a-kori-kura koriya. Shafi bakwai na yi mata. A jikin ƙofarta, daga fitila har zuwa baya, na zana saƙar zayyana irin wadda ake kewaye allon sauka da ita, ja da rawaya da baƙi, layin bai kai kaurin zare ba. Mako uku cur na yi a kanta, ina riƙe numfashi kamar mai tsallake rijiya.

To, a ranar da nake magana, Liman Hammadu, abokina tun na ƙuruciya, ya shigo mini da mutum biyu, dukansu tsofaffin ɗalibaina. Na farko Alhaji Buba, mai sayar da simintin da yake ɗaukowa daga Figil. Na biyu Sali ɗan kalando, magidanci mai baki tara a gida, ba shi da wata hanyar abinci sai babur ɗinsa. Da hantsin ranar sun haɗu a wani karfur, wato mararraba, kan babur ɗin Sali ya ja wa sabuwar motar Alhaji layi tun daga ƙofar gaba har ta baya. Alhaji ya rantse sai sun je kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda. Kowa a zauren ya san ma'anar haka: takardun Sali ba su cika ba, in babur ya shiga hannun 'yan sanda, fitowarsa sai wani ikon Allah, kuma tukunyar gidansa za ta sauka daga murhu a ranar. Da ƙyar Liman ya shawo kan Alhaji a fara biyowa ta wurina.

Na gyara zama, na gyara rawani, na yi abin da na iya. Rabin sa'a ina kawo wa Alhaji falalar haɗiye fushi da abin da magabata suka yi in an ɓata musu dukiya. Har ni kaina bayanin ya ratsa ni.

Na rufe da cewa, "Alhaji, fenti ne fa. Fatar ƙarfe ce, ƙarfen ma ƙasa zai koma. Mumini ba ya tayar da jijiyar wuya a kan abin da rana ma za ta cinye."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, duk na ji. Amma a fara tabbatar da mai laifi, don yaron nan har yanzu cewa yake shi ke da hanya."

Sali ya ce, "Ni ke da firiyorite, Modibbo. Ta damansa na fito."

"Ta dama ka fito ko daga sama ka faɗo?" in ji Alhaji.

Na ce su nuna mini yadda abin ya faru. Aka sa buta ta zama mota, aka sa goro ya zama babur. Buta ba ta da gaba da baya da kowa ya yarda da su, Alhaji ya ce bakin ne gaba, Sali ya ce mariƙin ne. Ana cikin wannan gardama Liman, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri, ya miƙa hannu ya ɗauki babur ɗin ya ɓare ya jefa a baki.

A nan ne Shaiɗan ya zo mini, kuma bai zo da kamannin saɓo ba, da rigar maslaha ya zo. Ya ce, ga bayin Allah za su rabu a kan rashin misali, kai kuwa kana da misali a ɗaki. (Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba a lokacin ita ce, shekara uku ina aikin da ba wanda ya ce mini madalla.) Na tashi na shiga ciki, na fito da koriyar motar da wani jan babur a naɗe cikin hankici, na buɗe su a tsakar tabarma.

Su ukun suka zuba musu ido.

Na yi gyaran murya na ce, "Na jikoki ne."

Liman ya sa tabarau, ya sunkuya ya daɗe yana duban ƙofar motar. Ya ce, "Tubarkalla. Jikan naka hannun marigayi mahaifinka ya ɗauko sak."

Na yi kamar ban ji ba. Na naɗe carbina na ajiye ya zama shataletale, na ja tituna huɗu da yatsa, na durƙusa a kan gwiwoyina. Na ce Alhaji ya faɗi inda ya fito, na tura motar. Na ce Sali ya faɗi nasa, na tura babur. Ban san lokacin da bakina ya shiga aikin ba. Liman ya shaida daga baya, kuma shi adali ne ba a mayar da shaidarsa, cewa ba ƙugin inji kaɗai na yi ba, har canjin giya na yi, na kuma danna oda sau biyu kafin in shiga kwana.

Sali, wanda maganar abincin 'ya'yansa ake yi, bai ga abin dariya ba. Ya matso ya ce, "Don Allah, Modibbo, ba haka aka yi ba. Kawo in nuna maka."

Kafin in buɗe baki ya ɗauki babur ɗin da yatsunsa masu kaushi. Ya ce, "Ni na taho haka, a hankali. Shi kuma ya matso ni haka. Sai kawai..." Ya ɗora kan babur a jikin ƙofar motar, ya danna, ya ja shi tun daga fitila har baya, don in ji irin ƙarar da ya ji.

Na ji ta kuwa. Wani siririn koren ɓawo ya nannaɗe ya faɗi a tabarma, da saƙar mako uku a jikinsa.

Abin da ya biyo baya, rabinsa ni na tuna, rabinsa ruwaya ce. An ce na miƙe tsaye ba tare da dafa ƙasa ba, abin da na yi shekara goma ban yi ba. Na fara da Hausa, da ta ƙare na shiga Fulatanci, daga nan na tsinci kaina cikin wani Faransanci da ban san ina da shi ba. Na faɗa masa shafi bakwai ne. Na faɗa masa gashin akuya uku ne a bakin buroshin, kuma akuyar ba da son ranta ta bayar ba. Rawanina ya warware, gefe ɗaya ya sauko mini a kafaɗa. Na ji Hajiya tana tari a bayan ƙofa, irin tarin da takan yi in na tsawaita addu'a abinci yana hucewa, ban saurare ta ba. Na cafki hannun rigar Sali, na ce da muryar da maƙwabta suka ji:

"Tashi. Tashi mu je kwamisariya!"

Wanda ya shiga tsakaninmu Alhaji Buba ne. Ya riƙe mini hannu da hannayensa biyu, yana magana a hankali kamar mai lallashin maras lafiya.

"Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. Ba da gangan ya yi ba. Mutum ne mai iyali, a dube su. Ai fenti ne."

Na juya na dube shi, na ce, "Kai me ka sani game da fenti?"

Da kalmar ta fita, sai na ji ta da kunnena. Na dubi hannuna a rigar Sali, na dubi 'yar motar da ke kwance a gefen carbi, na saki rigar. Na zauna. Na fara naɗa rawani, naɗin ya ƙi zama. Da ƙasa tana karɓar baƙo kafin wa'adinsa, da ranar ta karɓe ni.

Can Alhaji ya juya wurin Liman, ya tambaye shi da gaske, ba da wasa ba, "Liman, don Allah, haka na yi ɗazu a karfur?"

Liman ya gama tauna goronsa tukuna. Ya ce, "Kai da sauƙi. Taka motar ana shiga."

Alhaji ya daɗe yana kallona, irin kallon da mutum yake yi wa gidan da ya kusa saya sai ya ga rufin ya rufta. Sannan ya ce, "Sali, ɗauki makullinka ka tafi neman abincinka. Na yafe, duniya da lahira."

Sali ya yi godiya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Amma bai tashi ba. Ya juyo gare ni a durƙushe, ya ce, "Modibbo, saura kai."

Jama'a, na sha ɗaura aure, na sha raba gado, na sha tsayawa a gaban manya, ban taɓa jin kalma ta yi mini nauyi a harshe kamar wannan ba. Na buɗe baki sau biyu ba ta fito ba. A na uku na ce na yafe, da wata 'yar murya kamar ta ɗan tsako. Liman ya ce bai ji ba, kuma shaida ba ta inganta sai an ji. Sai da na maimaita.

Kafin Juma'a labari ya gama unguwa. Har yau in ina tafiya masallaci, 'yan kalando sukan rage gudu su gaishe ni da ladabi, su tambayi lafiyar iyali, sannan su tambayi lafiyar gareji. Babur ɗin Sali yana nan yana aiki, kuma ya hana ni taka ƙasa in ya gan ni a hanya, sai dai duk tafiyar ba mai ce wa wani uffan.

Na san mai karatu zai so in ce na bar kankarar a jikin motar don ta zame mini wa'azi. Ban bar ta ba. Mako huɗu na yi ina gyaranta, ta ma fi da kyau. Abin da na koya dai shi ne, shekara arba'in ina auna wa mutane haƙuri da babban mudu, ashe duk daga rumbun wasu nake ɗiba. Ranar da aka ce in auno daga nawa, ko cikin cokali ban samu ba.