Kunnen Appuci

Pungodi tana 'yar shekara shida ta fara jin sunan kakanta, kuma ba a gida ta ji shi ba. A gida babu mai kama sunan: 'ya'ya su ce Appa, jikoki su ce Appuci, kakarta Sellammal kuwa, wadda jikoki ke kira Ammuci, har ta rasu "ku ji mana" take ce masa. A filin tseren motoci na bayan garin Coimbatore ne, tana zaune a wuyansa, lasifika ta sanar cewa motar da ta zo ta ɗaya Nacimutu ne ya haɗa injinta. Ta sunkuyo ta tambaye shi wane ne kuma Nacimutu. Ya ce wani tsohon ɓarawo ne, kada ta kula shi.

Bana lasifikar ba ta ambace shi da alheri ko sau ɗaya ba. Motar tasu mai sunan Sellammal a gefe ta fi dawowa a bayan janwe, inji a ƙone. Makon jiya masu sharhi suka zauna a talabijin suna tantance waɗanda suka fi ba da kunya a tseren bana, suka ce a ƙungiyoyi ta Sellammal ce kan gaba, a direbobi kuma nata, Ilango, yayan Pungodi. Saura tsere guda. Tsohon ya riga ya yanke cewa yau, da an gama bikin shekara-shekara na girmama kayan aiki, zai karɓe hular kwano daga hannun jikansa ya ba wani direba daga Chennai.

Da hantsi Pungodi ta dawo daga kasuwa. An share gareji, an ɗaure ganyen ayaba a ƙofa, kowace sifana an ɗiga mata kwaɓaɓɓen turaren sandal an jera ta gaban fitila. Ilango na waje yana rataya wa motar furanni, bai ko ɗago kai ba.

"Ka karya kuwa, Appuci?"

"Na karya, ya narke, na sake jin yunwa, duk kina kasuwa. Kawo in gani." Ya tona kwandon. "Wannan ne lemun? Na aike ki lemun tsamin da taya za ta taka, kin kawo mini ƙwayar magani."

"Daidai ƙarfin motar na sayo. In na kawo manya sai ta hau ɗaya ta mutu, a kira janwe ranar biki."

"Kin ji baki. Kabewar fa? Wannan ko idon ƙuda ba za ta kora ba, balle idon maƙiya."

"Waɗanne maƙiya? Wa ke yi mana hassada bana? Tausayinmu ake ji. Mai kabewar ma da ya gane jikar wane ce ni, cewa ya yi in gaishe ka da haƙuri."

Ya murɗa gashin bakinsa, wanda unguwar ta daɗe tana kwatance da shi. "Da na ajiye ki don kaina, kannu, 'yar lelena, amma na fasa. Tattara ki koma gidan ubanki. Ba na zama da mace mai harshen zarto."

"Madalla. Dama ango mai haƙori huɗu, biyu na girgiɗi, ai riƙe shi wahala ne. Sai dai kafin in tafi ka gaya mini abin da yayana ya yi maka."

Ta zuba masa gahawa, ta zauna a ɗaya gefen teburin aiki. Nata kofin silbar babu komai a ciki. Ta ɗora shi a cinya, inda teburin ya kare, ta riƙe cokali. Shi da kansa ya koya musu tun suna yara: in aka matsa wa inji wuta ta riga lokacinta, kafin ya ƙone yakan yi wata siririyar ƙara, kamar ana kaɗa cokali a kofin silba. Duk tseren bana Ilango sai ya fito ya ce ya ji cokali. Tsohon sai ya ɗauki dogon sukundirebansa, ya kafa bakin a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya ce waƙa kawai take yi. Pungodi ta fara kaɗawa. Tin, tin, tin.

"Abin da ya yi mini?" in ji tsohon. "Yana taka totur kamar yana kashe kunama. Inji nawa ya soya mini? Da tukuba na buɗe masa, da yanzu mun yi arziki."

"Ai ba shi kaɗai ya ba da kunya ba."

"Shi ne sarkinsu. Ɗan mai masaƙa ya sayo motoci biyu daga waje, ya je ya dasa su duka a katangar tayoyi ɗaya, amma shi dama ba a taɓa zaton alheri daga gare shi ba. Ɗan mai shagon zinari kuwa hankaka ya gani a kwana ya taka birki, sai da motar asibiti ta yi masa oda. Duk da haka an kaɗa musu tuta, ko da mai tutar ya gaji da jira. Jikan Nacimutu fa? A ƙafa yake ƙarasa tsere, hula a hammata."

"To ka ba shi lambar gudun ƙafa mana. Ita ma kai ka horar da shi."

"Sunan kakarku ne a jikin motar nan. Sunan Sellammal suka sa a baki suna dariya a talabijin."

"Kada ka shigo da Ammuci cikin wannan." Muryarta ta canza, amma hannunta bai tsaya ba. Tin, tin. "Da tana nan da tuni ta kama gashin bakin nan ta zaunar da kai. Yaron da ka ɗora a kan filo don ya hango gaban sitiyari, shi za ka tsige a gaban mutane ranar biki, ka ba baƙo hularsa? Kwana da kwanaki ba ya cin abinci. Mama na kuka a kicin tana cewa albasa ce."

"Ya ci tayar da ya ƙona."

"Sau nawa ya ce maka ya ji cokali?"

"Cokalin a kansa yake. Ni ne zan kasa jin cokali? Ni da nake kwance a ɗaki in ji babur ya wuce a titi in faɗi wane fulogi ne ya mutu? Ni da sauro ke wucewa in gane mace ce ko namiji?"

"Tsoho ne ko yaro fa?"

"Har garin su ubansa."

"To yanzu me kake ji?"

"Surutun wata fitsararriya da ba ta iya sayen lemu ba."

"Sai me?"

"Sai fankar sama."

"An ɗauke wuta tun shigowata, Appuci."

Ya ɗaga kai. Fankar tana tsaye cak. Kafin ya nemo abin faɗa, Pungodi ta ɗago kofin daga cinyarta ta ajiye a kan tebur, a tsakaninsu, tana ci gaba da kaɗawa yana kallo. Ya dubi cokalin yana tafiya yana dawowa. Ya karkato da kunnen dama. Ya juyo da na hagu.

"Cokalin zamani ne," ya ce a hankali. "Gwangwani ne. Ba ya ƙara."

Sai ga Ilango a bakin ƙofa, ragowar furanni a hannu, fuska a murtuke. "Pungodi, wai wa ke kaɗa cokali tun ɗazu? Har waje yake huda mini kai. Bai isa ba a mota, sai kin biyo ni da shi gida?"

Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi kakansa, ya ga kofin, sai ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama.

Tsohon ya miƙe, gashin baki na rawa. "A garejina. Ranar biki. A gaban kayan aikina da jikana. Ke, wa ya ba ki izinin tsiraita ni?"

"Kai."

"Ƙarya kike."

"Ranar da ka fara ɗora mini ƙotar sukundireba a kunne. Ina aji shida, Ammuci na masifa za ka ɓata mini kitso da baƙin mai. Ko shi ma ba ka ji abin da ka faɗa ba?"

Ya daɗe a tsaye. Pungodi ta ajiye cokalin. Can sai kafaɗunsa suka motsa, dariya ta kubce masa, irin wadda ke fitowa da tari.

"Shegiyar yarinya. Abin da na faɗa ina shan gahawa shi kika adana mini shekara da shekaru kamar zinarin aure."

"A gidan nan in ban adana ba wa zai adana?"

Ya taka zuwa gaban fitila, ya sunkuya, ya zaro dogon sukundireban daga cikin jerin. Ƙotar katakon ta lotsa ta gefe ɗaya saboda goga kunne.

"Appuci, ba a taɓa kayan aiki sai gobe," in ji Ilango.

"Ba aiki zan yi da shi ba, mai ƙafar turmi. Kayan aure ne. Na mayar da matata." Ya danƙa wa Pungodi, da ɗigon sandal ɗin da komai. "Gobe da safe ke za ki saurara, ni in murɗa. In kika ji cokali ba ki faɗa ba, sai na aske ki."

"In ka murɗa ba daidai ba, ni kuma in aske rabin gashin bakin nan."

"Kai kuma me kake kallo? Ɗauki hularka, je ka jera lemun nan a ƙarƙashin taya. Ka taka a hankali, ba kunama ba ce. Mutumin Chennai ya sha gahawa ya ci shinkafar biki ya koma."

Ilango ya fita da kwandon, har yana tuntuɓe da kabewa. Pungodi ta tsaya da sukundireban a hannu, ƙotar da ɗumin tafin tsohon. Ba ta manta ko kalma ɗaya ba. A waccan ranar, tana aji shida, ya manna mata ita a kunne, inji na kaɗawa, ya sunkuyo dab da fuskarta ya ce, "Kannu, yaran garejin nan duk tsorona suke ji, uwarki ma haka. Kunne kuwa ba ya sallama in zai tafi. Ranar da nawa ya fara yi mini ƙarya, ke ki gaya mini. Ko na zage ki, kada ki yi shiru."