Ranar Da Baffa Ya Manne Da Daɓen Falonmu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na mai da kaina kafinta ba, duk da cewa babu abin da nake roƙon Allah kamar ya mantar da ni ita.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, malamin gona ne a Ikara, kuma mutum ne mai son abin da ba kowa ke da shi ba. Lokacin da maƙwabta ke yi wa ɗakunansu daɓen siminti, shi sai ya sa aka shimfiɗa wa falonsa katakon maɗaci, ja wur da shi. A kansa muka yi rarrafe. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da zama a gidan da iyalina, ina koyarwa a wata sakandare. Katakon kuwa ya tsufa, ya koɗe, ƙafafun kujeru duk sun karce shi.

Yayana Sani, da ke sana'ar hatsi a Kudan, ya daɗe yana cewa a ɓalle shi a sa tayil. "Gara kawai kake kiwo a gidan nan," haka yake ce mini. Ni kuma na ce sai dai bayan raina. Da gardamar ta ƙi ƙarewa, aka tsayar cewa Baffa Garba, ƙanen mahaifinmu da ke Makarfi, zai zo wata Asabar ya gani da idonsa, abin da ya faɗa shi ke nan.

To a nan ne wayata ta cuce ni. Na ga bidiyon wasu Turawa suna goge tsohon daɓen katako, kafin ka ƙifta ido ya koma kamar madubi. (Ban lura ba cewa injin da ke hannunsu ya fi babur ɗina tsada.) Na ce ai wannan ba sai an kira kafinta ba. Na sayo samfefa, wato takardar gurza katako, da burushi da gwangwanin banish, ruwan nan mai sheƙi da ake shafa wa katako, na durƙusa na fara gurza da hannu. Ƙurar ta shiga ko'ina, har cikin miyar matata Rabi. Inda hannuna ya gaji, sai in ce wurin ya yi. Da na ga banish ɗin ya yi kauri, kuma tina da ake sirka shi da ita ta ƙare, sai na tsiyaya masa kananzir, a tunanina ai duk dangi ne. Shafin farko bai gama shan iska ba na maka masa na biyu, mai kauri, don ya fi ƙyalli. Sannan na rufe tagogi ruf kada ƙuda ya sauka. Ana tsakiyar damina, sama kullum a haɗe.

Da safiyar Asabar Rabi ta leƙa, ta toshe hanci. "Baban A'isha, anya ya bushe kuwa? Warin nan har cikin ido yake shiga."

Na taɓa bakin ƙofa da ɗan yatsa, inda iska ke bugawa, na ji garau. Na ce, "Ke dai ki ji da tukunya, ki bar mini katako." (Har yau ba ta taɓa tuna mini wannan magana ba. Shirun nata ya fi gori ciwo.)

Baffa ya iso cikin farar shadda sabuwa dal, domin daga nan zai wuce ɗaurin aure a Janfalan. Yaya Sani na biye da shi, ga kuma dattawan unguwa biyu, abokan mahaifinmu. Da na buɗe falon, wallahi ya yi kyau. Baffa ya tsaya yana kallo, ya ce, "Masha Allahu, kamar ranar da mahaifinku ya sa shi." Kaina ya kumbura. Da suka shiga na ji tafin ƙafarsu na ɗan yin cak-cak, na ce a raina sabunta ce.

Baffa ya ce, "A kawo mana tabarma."

Ni da bakina na ce, "Haba Baffa, wannan ai ya wuce tabarma. Ku zauna ku ji daɗinsa."

Ya zauna a tsakiya, daidai inda mahaifinmu ke zama. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gona da iyali da ruwan bana. Daga nan na karɓi magana kamar ina gaban aji, ina bayanin yadda katako ke daɗewa idan ya samu mai kula da shi. Baffa na gyaɗa kai. Na dubi Yaya Sani da ke tsaye a gefe, na tabbata na gama da shi.

Aka kira azahar. Baffa ya dafa ƙasa zai miƙe, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Ya waiga ya ce, "Wa ya take mini riga?"

Babu kowa a bayansa.

Ni da Yaya muka kama shi ta hammata muka ɗaga. Sai ji muka yi fyaaat! Rabin bayan rigar ya zauna a ƙasa, Baffa ya tashi da sauran rabin. Wandonsa ya yi jawur kamar an zauna cikin manja. Dattawan nan biyu suka kalli juna, kowa yana tsoron motsawa. Ɗaya ya gwada ɗaga cinya a hankali, ya ce, "Inna lillahi, ni ma na kamu."

Da Yaya Sani ya yi dariya da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya dai ce a hankali, "Baffa, ka ga abin da nake faɗa."

Da kaftanina Baffa ya tafi ɗaurin auren, ya tsaya masa a gwiwa. Kafin ya shiga mota ya dube ni ya ce, "Ɗana, ubanka da busasshen tsumma kawai yake goge katakon nan, bai taɓa cin rigar kowa ba." Bai yanke hukunci ba ranar, ya ce in gyara tukuna.

Da na tsaya a nan, da wataƙila an ceto daɓen. Amma haushi ya sa na ɗebo bokiti-bokiti na ruwa da garin sabulu, na dinga dirza ina kankare ƙyallen shaddar. Ruwan ya bi tsakanin katakan ya kwanta a ƙarƙashi. Ba a jima ba suka kumbura, gefunansu suka ɗaga kamar kwalekwale, har ƙofar falon ta ƙi buɗuwa. Babu wanda ya sake kiran taro. Ni da kaina na buga wa Yaya waya na ce ya turo masu tayil. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya kashe.

Katakan da suka yi saura wani mai shayi a bakin tasha ya kwashe ya yi benci da su. Idan zan wuce nakan kau da kai.

Abin da na koya bai da daɗi, amma ga shi. Duk masu ƙin daɓen nan ba su iya yi masa komai ba, sai ni mai ƙaunarsa. Yanzu idan na ji ina son abu ƙwarai, nakan zura hannuwana cikin aljihu, in je in nemo wanda ya iya.