Farfesa Safiyanu da Awakin Falmata

Duk faɗin Haɗejiya, daga bakin kogi har garin Malam Madori, ba a taɓa yin ƙwaƙwalwa irin ta Malam Safiyanu ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba ya kuskure. Tsohon malamin gona ne, amma tun da ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani a Dutse, ya hana a kira shi komai sai Farfesa. Samarin unguwa suka ƙara masa da "Tankin Ilimi", ya karɓa hannu bibbiyu.

A taron ne ya ji, tsakanin gyangyaɗi da gyangyaɗi, wai wani Bature na can zamanin baya ya ce raƙumin dawa miƙa wuya ya yi ta yi wajen cin ganye, har 'ya'yansa suka gaji tsawon. Inda aka ce masana sun daɗe da watsar da zancen kuwa, barci ya riga ya kwashe shi.

"Abin da ya gagari Turawa," in ji shi a majalisa, yana gyara tabarau, "ni a damina ɗaya zan gama shi. Zan ƙago akuya mai kiwo a kan bishiya!"

Maƙwabcinsa Malam Haruna ya ce, "Farfesa, akuya fa yadda ta sauko daga jirgin Annabi Nuhu, haka take har gobe."

"Tunanin mutanen dauri ke nan!"

Awakin na matarsa Falmata ne, gadon mahaifiyarta. Ya rataye harawarsu a reshen tsamiya, kullum ya hau tsani ya ƙara ɗaga ta. Awaki suka rame, wuya ya sirance.

"Kin gani? Ya fara tsawo!"

"Malam, yunwa ce fa."

"Kimiyya ce, Falmata."

Wuya bai ƙaru ba, amma awaki sun ƙware a tsalle. Suka haura katanga, suka cinye shinkafar da Malam Haruna ya shanya. Farfesa ya ce wannan mataki na biyu ke nan.

Ranar da babbar akuyar ta fara naƙuda, ya tara 'yan majalisa su shaida tarihi. Ta haifi tagwaye, wuyansu guntu kamar na kwaɗo. Bai karaya ba. Ya tattare babbar riga, ya hau tsani da damin harawa a hannu.

"Jama'a, babban aiki sai da haƙuri…"

Bunsuru ya hango harawa. Ya ja da baya, ya tashi sama kamar yadda aka koya masa. Tsani ya yi gabas, Farfesa ya yi yamma.

Yanzu yana yawo da abin tallafe wuya da aka sa masa a asibiti, haɓa a sama, yana amsa gaisuwa da ido. 'Yan majalisa masu adalci ne, sun yarda binciken ya yi nasara: an samu wuya ɗaya da ya ƙara tsawo a gidan.

Falmata kuwa, da tsohon cikinta, addu'arta ɗaya ce: Allah ya sa kada jaririn ya gada.