Yadda Ake Kashe Ƙungiyar Rege a Gindin Mangwaro

Idan kai da abokanka kun kafa ƙungiyar kiɗan rege, kuka wayi gari waƙarku ta cika Kingston, kana kuma neman hanyar da za ku koma inda kuka fito ba tare da an ce laifinka ne ba, to kakarka ta yanke saƙa. Sunana Eustace, ni ne mai ganga a ƙungiyar Garwashin Sihiyona. Ba ka taɓa jin sunanmu ba? Madalla, shaidar ƙwarewata ke nan. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari ko mai sayar da rake a bakin layinku zai daina gane ka.

Mataki na ɗaya: Ku yi waƙa ɗaya mai kyau

Sai abu ya miƙe ake kayar da shi. Tamu ta fito a 1977, daga Jones Town har Spanish Town babu mashaya ko motar haya da ba ta tashi a ciki. Mu biyar ne, amma mutum ɗaya nake so ka riƙe, Ransford mai jitar bas. Kafinta ne a da. Ranar da ya ji kansa a rediyo ya miƙa wa ƙanensa zarto da guduma, ya ce shi da katako sai a lahira. Yana da waƙa goma sha ɗaya a ka, kuma ba shi da wani buri a duniya illa a naɗe su a faifai na biyu kafin mutane su manta da mu. Kowace ƙungiya tana da irinsa. Shi ne babban cikas ɗinka, ka sa masa ido.

Mataki na biyu: Kada ku kuskura ku yi shugaba

Shugaba kayan Babila ne, wato duniyar Turawa da masu mulki, duk mai bin aƙidar Rasta irinmu ya san haka. Ku kafa doka cewa ba a yanke komai sai an zauna an tattauna, kuma sai bakin kowa ya zo ɗaya. Mu a gidan Inna Icilda muke zama, gindin mangwaro, lofe na zagayawa, tukunyar wake da kwakwa tana kan wuta, ba gishiri don Rasta ba ya cin sa. Zama ne mai albarka. A cikinsa na koyi tarihin Habasha da sunayen sarakunan Yahuda kaf. Shawara ce kawai ban taɓa ganin an yanke ba.

"Ku dai tun safe kuke abu ɗaya," in ji Inna Icilda tana shara tsakanin ƙafafunmu. "Ko kaza ta fi ku, in ta zauna tana tashi da ƙwai."

Kada ka saurari tsofaffi, ba su san zurfin al'amari ba.

Mataki na uku: In dama ta zo, ku ba ta kujera

Wani Bature ya zo daga Landan da takarda, wasa a birane tara da situdiyo na faifai na biyu. Kwana huɗu zai yi. Ransford ya riga kowa ɗauko biro.

"'Yan'uwa, mu sa hannu mana! Mutumin nan ranar Juma'a zai tashi."

A nan za ka shigo. Kada ka ce a'a, mai cewa a'a ana tuna shi. Ja hayaƙi, dubi sama, ka yi tambaya. Ni cewa na yi, "Mai waƙar rushewar Babila zai shiga cikinta da ƙafarsa? Ko kuwa Yunusa ma sai da ya shiga cikin kifi?" Tambayar nan ta ci kwana tara. A rana ta shida aka koma kan ko abincin jirgin sama da gishiri. Ranar da muka amince za mu je, Baturen ya kwana biyar a gida, tare da wasu samarin Trench Town da ba su san sarkin Yahuda ko ɗaya ba.

Mataki na huɗu: Ku tabbatar wa mawaƙinku bai fi kowa ba

Mai buga takardar talla ya yi kuskure ya rubuta sunan mawaƙinmu Dalton da manyan baƙaƙe, namu a ƙasa kamar kashin ƙuda. Muka zauna a kai mako uku. Ranar da Dalton ya ɗauki jakarsa zai tafi New York cewa ya yi, "Wallahi ban taɓa tunanin na fi ku ba, sai da kuka yi mako uku kuna rantsuwa ban fi ku ba." Tasi ya ƙare da tuƙawa a can, amma wannan ba damuwarka ba ce.

Mataki na biyar: Raina sabon abu

A 1985 wani ɗan akwatin kiɗa mai batir ya shigo gari, da yatsa ɗaya sai ya ba ka ganga da bas. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Ransford bai yi ba.

"Eustace, abin nan fa aikina yake yi, kuma shi ba ya zaman tattaunawa."

"Abin da ba shi da rai ba ya daɗewa, ɗan'uwa."

Haddace wannan amsa, za ta yi maka aiki shekara goma.

Mataki na shida: Gajiyar da mai naci

Ransford ya koma kafinta, wannan karon a ƙarƙashin ƙanen nasa. Sau uku yana kama mana situdiyo da guminsa. Na farko muka tsaya kan ko ya halatta a naɗa babu Dalton. Na biyu ya faɗo ranar tunawa da Sarkin Habasha. Na uku shi kaɗai ya je, ya zauna da jita a cinya har lokacin ya ƙare. Mai situdiyon ya ji tausayinsa ya ce ya buga shi kaɗai a naɗa, ya ƙi, wai waƙoƙin na mutum biyar ne. Da la'asar ya same ni a ƙofar gida, garin katako a gemunsa.

"Eustace, tsakaninka da Jah, me na yi maka?"

"Ba komai, Ras. Lokaci ne bai yi ba."

"Dubi kaina, furfura ce. Yatsuna sun fara ƙagewa da safe. Lokacin wa muke jira?"

Na fasa masa kwakwa ya sha. Wannan matakin ya fi kowanne wuya, ni kaina na yi kwana uku abinci ba ya min daɗi. Abin da ban faɗa masa ba shi ne tsoro nake ji. Mai faifai ɗaya da ya yi fice gwani ne har abada, mai biyu kuwa ana iya gwada su a ce na farkon sa'a ce. Ka daure, kada ka faɗa.

Mataki na bakwai: Jira

Sauran aikin shekaru za su yi maka. Ransford ya rasu wata Talata, Dalton ya zo daga New York da sanda. A bakin kabari matarsa Merlene ta juyo gare mu.

"Ku yi masa ɗaya daga cikin waƙoƙinsa. Shekara arba'in ina jin su daga ɗakin baya."

Muka dubi juna mu huɗu, muka amince nan take, babu wanda ya yi tambaya. Na ɗora hannu a ganga, Dalton ya gyara murya, muka tsaya jiran bas ya shigo, don duk waƙoƙinsa da bas suke farawa. A nan muka gane babu ɗayanmu da ya taɓa jin ko ɗaya har ƙarshe, tattauna su kawai muka yi. Merlene ce ta yi ta rera kiɗan bas ɗin da hanci, ita kaɗai, har aka gama zuba ƙasa.

Gargaɗi

Ban ɗauki alhakin komai ba, ko watsewar ƙungiya, ko furfura, ko kallon da matar wani za ta yi maka a maƙabarta. Idan kuma ka bi matakan nan ka wayi gari wani kiɗa da ba ka san baitocinsa ba yana yi maka yawo a kunne, kada ka zo wurina. Nawa ma ban san yadda zan yi da shi ba.