Rasuwar Tsawa, Motar da Na Ƙi Sa wa Takunkumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata tambaya da ta tsaya mini a rai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, wadda aka fi sani da Tsawa. Wa ya kashe ta? Ƙafar da ta taka totur, ko hannun da ya miƙa makulli, ko bakin da ya ce kada a sa mata takunkumi? Ƙafar ta Auta ce, ƙanin matata. Hannun na yayarsa ne, uwar 'ya'yana. Maganar baki kuwa, ba a tonon silili a gidan makoki.

Marigayiya ba kanwar lasa ba ce. A kan injinta akwai supacaja, na'urar da ke ɗura mata iska da ƙarfin tsiya, shi ya sa kana taɓa ta take amsawa. Da safe takan gaishe ni da "gurrr-gurrr" ƙasa-ƙasa, kamar dattijuwa na gyaran murya. A buɗaɗɗen titi kuma sai ta saki siririn "wiiiii" mai sa tsigar jiki tashi. Ba ta taɓa kunyata ni a gaban surukai ba. Ta kai mai naƙuda asibiti, ta ɗauko buhu daga kasuwa, ba ta ce darajarta ta wuce nan ba.

Makanikenta, Mai Sifana, ya daɗe yana bi na da wani ɗan kwali. Aikin na'urar da ke ciki shi ne, idan mota na tsaye za ta zabura, komai takar da aka yi wa totur ba za ta bar inji ya wuce iyaka ba. Shi limita yake ce mata, ni na ce takunkumi, kuma na ƙi. Ban yi zurfi a makaranta ba, amma na yi zurfi a tunani. Idan kare bai yi cizo ba don an ɗaure masa baki, yabon na kare ne ko na igiya? Na ce masa ƙafata ta san iyaka. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Taka ta sani, maigida. Ta dangi fa?"

Ciwon ajalin gajere ne. Ina banɗaki, sabulu a ido, na jiyo Auta yana cewa, "Yaya, ba ni makullin tsohon nan, burodi kawai zan sayo, ba sai na ƙona man tawa motar ba." Kafin in wanke fuska na ji "gurrr" tana fita. Sallamarta ke nan.

Mai facin da ke mahaɗar titi shi ya ba ni sauran labarin. A danja wani mai babur ya kalli Auta. Kallo kawai. Auta ya danne kuloci, ya take totur har ƙasa, allurar mitar inji ta shige jan layi ta ƙi dawowa. Marigayiya ta yi kururuwar da ban taɓa bari ta yi ba. Da fitila ta ba da hannu, ya saki kuloci gaba ɗaya. Taya ta yi hayaƙi, bel ya tsinke, sai "ƙwas!" Fistin ya faso cikin inji ya leƙo duniya, baƙin mai ya malale a kwalta. Mai babur ko waige bai yi ba. Burodin ma ba a sayo ba.

Da Auta ya dawo, sai ya dafa kafaɗata yana dariya: "Haba mijin Yaya, ai dama tsohuwa ce, kamar mai ita!" Wai tunda ƙanin mata abokin wasa ne, dole in yi murmushi. Yayarsa ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za a taɓa mata ƙani saboda ƙarfe ba. Ban ce Allah ya isa ba. Na dai yi shiru mai ƙarfi, har maƙwabta suka ji.

Haƙuri kuwa maganin zaman duniya. Tun ranar, matar tawa ke tsayuwa a rana da yara tana jiran motar haya. Shekaranjiya Auta ya wuce su a tasa motar, gilashi a rufe, ya yi mata hon biyu, ya ɗaga hannu, ya ƙara wuta. Ta dawo gida ba ta ambaci tsautsayi ba.

Marigayiya ta bar ni, da tayoyi huɗu, biyu a ƙone, da safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tabon mai a ƙofar gida wanda na hana a wanke.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar idan rana ta fara cizo, daga gida zuwa filin 'yan gwangwan, ta hanyar nan mai hawa. Ba a buƙatar motar ja. Auta zai tura, shi kaɗai, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada tausayi ya sa su sa hannu. Ni zan riƙe sitiyari, ƙafata na kusa da birki, ta kuma san iyaka.

Daga nan za a taru a garejin Mai Sifana. Na sayi takunkumin nan jiya. Za a ɗaura shi a motar Auta, a matse shi yadda mai baro zai riga shi tashi a danja. In ya yi ƙorafi, a ce masa wasa ne.

Kada a tambayi yadda aka yi ya yarda. Makullin motarsa na aljihuna. Ya shiga banɗaki ya bar shi a kan tebur, yayarsa ta ɗauko ta miƙo mini, da hannun nan dai.