Yadda Za Ka Fasa Tukunyar Zamanin Shang Ka Samu Kujerar Dindindin

Kai ƙaramin malamin jami'a ne, aikinka na wucin gadi, kuma sa hannun Farfesa Qiao kaɗai zai tabbatar da kai. Kuna tonon kayan tarihi a wata gonar alkama a lardin Henan. Kowa ya tafi cin taliya, ka ciro tukunya mai ƙafa uku daga wani tsohon kabari na daular Shang, lafiyarta lau, sai santsi ya kwashe ka a hanyar ɗakin ajiya. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ni na lamunce maka ofis mai taga.

1. Waiga tukuna
In ba wanda ya gani, ba faɗuwa ta yi ba. Haka aka same ta.

2. Tsufar da fashin
Sabon fashi fes yake, shi ke tona asiri. Goga masa ƙasa da ragowar shayinka, ka mayar da gutsattsarin cikin kabarin.

3. Bar babba ya gano da kansa
A wurinmu ƙarami ba ya da ra'ayi, tambaya gare shi. Ka ce, "Malam, ilimina bai kai nan ba. Me ya fasa ta haka?" Farfesa zai tsuguna ya ce, "Da gangan ne, ɗana. Fasa wa mamaci tukunya suke yi don ta bi shi." Gyaɗa kai, ka rubuta.

4. Yi dariya
Malama Dou, wadda kuke neman kujera ɗaya da ita, za ta sansana gutsure ta ce, "Ashe mutanen Shang ma da shayi suke wanke tukunya?" Ka fi kowa dariya.

5. Koyar da shi
Farfesa zai rubuta littafi a kan al'adar. Karantar da shi, ka kayar da duk ɗalibin da ya yi musu.

6. Karɓi amana
Baɗi za a tono wata tukunyar a kabarin gefe, ko tsaga babu. Littafin Farfesa ya shiga uku, takardarka kuma tana kan teburinsa ba sa hannu. Zai miƙo maka tukunyar ya ce, "Kai ta ɗakin ajiya, ɗana. Ka bi ta hanyar bara, mai santsin nan." Karɓa da hannu biyu, kamar mai tarbiyya. Sauran aikin ka riga ka iya.

A sani: mai wannan rubutu bai ce a fasa komai ba. Duk ƙarar da aka ji daga bayan ɗakin ajiya, a tuhumi mutanen Shang.