Ƙofar Da Ba Ta Amsa Sallama

"Salamu alaikum. Na ce salamu alaikum, masu gida!"

Alhaji Gwadabe ne, tsohon mai goro na Kasuwar Oil Mill, yake ta rangaɗa sallama a bakin wani sabon filin wasanni a Fatakwal. Ƙofar kuwa ba mai gadi. Gilashi ne da 'yar na'ura: ka kara tikitinka ta buɗe, ka yi nawa ta rufe abinta. Jikarsa Kamila aka ɗauka aikin gwaji, tana nuna wa baƙi yadda ake shiga, babanta kuma ya ce ba za ta ci gaba ba sai kakan ya ga wurin ya amince. To ga shi ya zo, ya kuma tare layi.

Kamila ta ƙaraso da sauri. "Ango, wa kake yi wa sallama?"

"Amarya, ina mai ƙofar?"

"Babu. Kara tikitinka a nan."

Ya kara. Gilashin ya dare biyu, tsoho ya yi tsalle baya. "A'uzubillahi! Wa ya buɗe?"

"Ita ta buɗe kanta. Shiga mana!"

"Ban ji an ce shigo ba."

Ƙofa ta gaji da jira ta rufe.

"Kin gani ko? An kore ni."

"Ba korarka aka yi ba, tsufa ne ya riƙe maka ƙafa."

"Ni? Ni da nake tsere da okada in riga shi kasuwa, da huhun goro a ka?"

"Jiya ma sai da muka taru muka ɗaga ka daga tabarma."

"Gwada ƙarfinku na yi, na ga duk ragwaye na haifa. Ke dai da ba don na rufa miki asiri na aure ki ba, wa zai kwashi wannan baki?"

"Ni ce na taimaka na ɗauki ango mara haƙora. Sake karawa."

Ya sake. Na'urar ta yi ƙara ta kawo jar wuta. Kamila ta leƙa ta karanta abin da ta nuna.

"Ta ce ka riga ka shiga."

"Na shiga? To wane ne wannan a tsaye?"

"Kai ne. Amma a wurinta kana ciki."

"Ina ciki, kuma ina waje?"

"Haka take nufi."

"To je ki kira ni in fito mu tafi gida."

Daga bayan layi wani ya yi tsawa da Turancin buroka wai ya matsa, "Baba, abeg, shift!" Can gefe ogan Kamila ya harɗe hannu yana kallonta. Alhaji Gwadabe ya gyara babbar riga, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Gidan da ba a amsa sallama, kuma ake yi wa dattijo ƙarya a gabansa, jikata ba za ta yi aiki a ciki ba."

Hankalin Kamila ya tashi sosai, don ta daɗe tana neman aikin nan. Sai ta kara katinta na ma'aikata, ta shige, ta juyo ta tsaya a bayan gilashin.

"Ango, sake sallama."

"Wa zan yi wa?"

"Kai dai yi."

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Alhaji. Maraba lale, an zo lafiya? Bismillah, shigo." Ta zuro hannu ta saman gilashin ta sake kara katinta.

Ƙofa ta buɗe, tsoho ya taka a hankali kamar mai shiga zauren surukai. Da ya tsallake sai ya shafa ƙirjinsa.

"Yanzu ina nake?"

"Kana ciki."

"Ni da ni mun haɗu ke nan?"

"Kun haɗu."

Ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya laluba aljihu ya zaro farin goro ya danƙa mata.

"Ashe aikin ke nan. Ƙofa ba ta da baki, ke kuma ya yi miki yawa. Zauna a aikinki, zan gaya wa babanki. In kika tafi, wa zai amsa wa mutane?"

Kafin ta yi godiya, wata tsohuwa a gaban layi ta gyara mayafi ta dubi gilashin ta ce, "Salamu alaikum."

Alhaji Gwadabe ya zunguri Kamila da sanda. "Amarya, ana sallama."